Yadda malami zai girmama ƙasar Haudenosaunee a darasin fasaha da muhalli

A arewacin jihar New York ta Amurka da kudancin lardin Ontario na Kanada, makarantu da jami'o'i da dama sun ɗauki ɗabi'ar buɗe taro da karanta 'yan layuka da ke bayyana cewa gininsu yana tsaye ne a kan ƙasar Haudenosaunee, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa. Ana gama karantawa cikin minti ɗaya, sai a shiga abin da ya tara jama'a. Wannan bayani na malamin zane da ƙere-ƙere ne wanda yake fita da ɗalibansa waje domin su koyi sana'ar daga ƙasa da ruwa da tsirran inda suke zaune, kuma yake so girmama masu ƙasar ya shiga cikin aikin kansa tun daga farkon zango har ƙarshensa. Zan ɗauki misalin aji guda a birnin Syracuse, dab da tafkin Onondaga, domin matakan sun fi fitowa fili idan an ɗora su a kan wuri ɗaya sananne.

Matakin farko shi ne malami ya san takamaiman mutanen da yake zaune a ƙasarsu. Sunan Haudenosaunee, wanda ake furtawa kusa da "Hodinoshoni", yana nufin mutanen dogon gida, kuma shi suke kiran kansu da shi. Sunan Iroquois da aka fi saninsu da shi a littattafai daga bakin Faransawa ya yaɗu. Tarayya ce ta al'ummomi shida, wato Mohawk da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca, sai Tuscarora da suka shigo wajen shekarar 1722 bayan yaƙi ya taso su daga Carolina. Suna kwatanta ƙasarsu da dogon gida ɗaya, inda Mohawk ke tsaron ƙofar gabas, Seneca ke tsaron ƙofar yamma, Onondaga kuma ke riƙe da wutar tsakiya. Kowace al'umma tana da harshenta da majalisarta, don haka malamin Syracuse da Onondaga zai yi hulɗa, na Ithaca da Cayuga, na Rochester kuwa da Seneca. Ya koyi furta sunayen daga bakin masu su, ta hanyar faifan da al'ummomin suke sakawa a shafukansu na intanet, ya maimaita har su zauna masa kafin ya tsaya gaban yara. Ya kuma lura da yadda yake gina jimla, domin wanda ya ce "sun kasance suna noma" ya riga ya binne mutanen da suke raye. Al'ummar Onondaga tana zaune yau a fili mai kimanin eka 7,300 kudu da Syracuse, tana da makarantarta, kuma sarakunan da iyaye mata na zuri'a suke zaɓa su ke tafiyar da ita.

Mataki na biyu ya fi cin lokaci, kuma a ganina shi ne wanda aka fi tsallakewa: a koyi tarihin wannan fili na musamman, har da ɓangaren da ba shi da daɗin ji. A gaɓar tafkin Onondaga ne, bisa ga tarihin da suke riƙe da shi a baka, wani mai kira ga zaman lafiya da suke ce wa Mai Sulhu da abokin tafiyarsa Hiawatha suka shawo kan Tadodaho, shugaban Onondaga da ya ƙi sulhu, al'ummomi biyar suka binne makamansu a ƙarƙashin bishiyar zaman lafiya, aka kafa Babbar Dokar Zaman Lafiya mai kujerun sarauta 50, waɗanda 14 daga ciki na Onondaga ne. A watan Afrilun 1779 sojojin Amurka ƙarƙashin Kanar Van Schaick suka ƙone ƙauyukan Onondaga, daga baya a cikin shekarar rundunar Sullivan da Clinton ta ƙone garuruwa kusan 40 na Seneca da Cayuga tare da rumbunan masara da gonakin 'ya'yan itace, bisa umarnin George Washington. Daga 1788 zuwa 1822 jihar New York ta karɓe mafi yawan ƙasar Onondaga ta hanyar yarjejeniyoyin da al'ummar take cewa haramtattu ne. Shi kansa tafkin, masana'antar sinadarai ta Solvay ta fara aiki a bakinsa a 1884, an hana wanka a cikinsa a 1940, an hana kamun kifi a 1970 bayan an gano cewa kamfanin Allied Chemical ya zubar da zaiba kimanin kilo 75,000 a ciki, sannan a 1994 gwamnatin tarayya ta saka shi cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. An kammala kwashe gurɓataccen laka a 2014, amma shugabannin Onondaga sun sha faɗin cewa aikin bai kai ba, tunda an lulluɓe ragowar dafin ne a ƙasan ruwa. A 2024 aka mayar musu da fili fiye da eka 1,000 a kwarin Tully, inda rafin Onondaga yake tasowa.

Malami ba zai zuba wa yara wannan duka a rana ɗaya ba. Abin da ake buƙata shi ne ya san shi sosai, ta yadda idan yarinya ta tsaya tana zana ruwan ta tambaya me ya sa ba a shiga ciki, zai iya ba ta amsar gaskiya daidai da shekarunta. Yana da amfani ya tanadi taswirori uku na wuri ɗaya, ta kafin 1788 da ta zamanin masana'antu da ta yau, ya sa ɗalibai su kwafe su a takarda mai shara-shara su ɗora wata a kan wata. Wannan ɗan aiki yana nuna ƙanƙancewar filin fiye da duk wani jawabi.

Mataki na uku shi ne a je a gaisa, domin da ɗan gari akan ci gari, kuma zumunta a ƙafa take. Kafin malami ya rubuta manhajar zango, ya ziyarci cibiyoyin da Haudenosaunee suke magana da bakinsu. A gaɓar tafkin akwai cibiyar Skä•noñh, wadda aka buɗe a 2015 domin bayyana Babbar Dokar Zaman Lafiya ta fuskar Onondaga. A garin Victor akwai Ganondagan, wurin babban garin Seneca da Faransawa suka kai wa hari a 1687, inda aka sake gina cikakken dogon gida na ɓawon itace. Wanda yake Ontario kuwa yana da cibiyar Woodland a Brantford, a harabar tsohuwar makarantar kwana ta Mohawk Institute, inda aka riƙa raba yara da iyayensu da harshensu har zuwa 1970. Ya fara zuwa shi kaɗai, ya saurara, ya sayi abin da suke sayarwa, sai a ziyara ta biyu ko ta uku ya kawo buƙatarsa.

Idan lokacin gayyato baƙo zuwa aji ya yi, akwai ladubban da ya kamata a kiyaye. A rubuta wa ofishin al'ummar ko cibiyar al'adu da wuri, watanni kafin ranar, a bayyana shekarun yaran da abin da ake so su koya, a kuma bar wa baƙon damar sauya batun ko ya ce a'a. A ware kuɗin sallama da na mota a cikin kasafin makaranta tun farko, a biya daidai da yadda ake biyan kowane ƙwararre, domin mutanen nan sun gaji da a riƙa kiransu su koyar kyauta duk watan Nuwamba, watan da Amurka ta ware domin tunawa da 'yan asalin ƙasa. A nemi izini kafin ɗaukar hoto ko murya. Kada kuma a juya ga ɗalibin da aka san ɗan Onondaga ne ko ɗan Oneida a ce ya yi wa aji bayanin al'adarsu, domin shi ma karatu ya zo yi. Idan an aika saƙo ba a sami amsa ba, a jira a sake aikawa cikin ladabi. Ofisoshin ƙanana ne, masu neman su kuma suna da yawa.

Mataki na huɗu shi ne sanin iyaka, kuma a nan ne malaman fasaha suka fi tuntuɓe, saboda sana'arsu ta saba da koyo ta hanyar kwaikwayo. Fuskokin magani, na itace da na bawon masara, abubuwan ibada ne, kuma a 1995 Babbar Majalisar Haudenosaunee ta fitar da matsaya cewa ba a yarda a baje su a bainar jama'a ba, ba a yarda a sayar ko a kwaikwaye su ba. Na taɓa shiga wata makaranta na tarar an jera irin waɗannan fuskoki na takarda a bangon zaure, kowace da sunan yaron da ya yi ta, malamar kuma tana alfahari da aikin saboda babu wanda ya taɓa gaya mata. Haka nan ba a sa yara su yi hular gashin tsuntsu, ba a raɗa musu sunayen wasa irin na 'yan asalin ƙasa, ba a kwaikwayon raye-rayen ibada. Tatsuniyoyinsu ma suna da lokaci, domin bisa al'ada da hunturu ake ba da su, bayan ƙasa ta yi sanyi. Ɗamarar wamfam tana buƙatar ƙarin bayani ga mai karatu Bahaushe, wanda zai iya ɗauka kamar wuri ce da aka yi ciniki da shi a da. Duwatsu ne farare da shuɗaye masu duhu da ake fafewa daga bawon halittun teku, Turawa ne suka mayar da su kuɗi, su kuwa Haudenosaunee takardun yarjejeniya da tarihi suke ɗaukarsu. Ana iya nuna wa yara hoton ɗamara mai layi biyu, wadda tarihinsu ya danganta da yarjejeniyar 1613 da mutanen Holan, a bayyana cewa kwalekwale da jirgi ne suke tafiya a kogi ɗaya ba tare da ɗaya ya karɓe tuƙin ɗaya ba. Daga nan sai a sa ajin ya tsara tasa alamar alkawari da rafin unguwarsu, da siffofi da launuka na kansu.

Mataki na biyar shi ne tsara shekarar. Haudenosaunee suna buɗe kowane taro suna rufe shi da Jawabin Godiya, wanda Mohawk suke kira Ohen:ton Karihwatehkwen, wato kalmomin da ke zuwa kafin komai. Jawabin yana farawa da mutane, ya sauka ga ƙasa, ya bi ruwa da kifaye da tsirrai da amfanin gona da magunguna da dabbobi da itatuwa da tsuntsaye, ya hau zuwa iskoki da tsawa da rana da wata da taurari, ya ƙare ga Mahalicci, kuma bayan kowane sashe ana tabbatar da cewa zukata sun zama ɗaya. An buga fassararsa da Turanci da yardar dattawan Mohawk domin kowa ya karanta, amma shawarata ita ce kada malami ya mayar da shi abin rerawa da safe, musamman a ajin da ya haɗa yara masu addinai daban-daban. Ya karanta shi sau ɗaya, ya faɗi masu shi, sannan ya ari jerinsa a matsayin tsarin lura. Kowane ɗalibi ya zaɓi wuri guda a harabar makaranta ko bakin rafi, ya riƙa komawa can mako-mako na minti 20 da littafin zane. Makonnin farko ƙasa kawai zai duba, launinta da abin da ke motsi a cikinta, sai ruwa, sai tsirrai, har a kai sama. A ƙarshen hunturu, lokacin da ruwa mai zaƙi na bishiyar mafil yake tasowa, a je a ga yadda ake tatsarsa, domin ita suke ɗauka shugabar itatuwa. A watan Yuni kuma a zana ƙananan 'ya'yan sitiroberi na daji, waɗanda suke fara nuna kafin sauran 'ya'yan itace. Idan an tarar da bishiyar fain fara, a sa yara su ƙirga ganyenta masu kama da allura, za su ga biyar-biyar suke fitowa a ɗaure, kuma ita ce bishiyar zaman lafiya ta al'ummomi biyar na farko.

Mataki na shida ya shafi kayan aiki, kuma ƙa'idarsa ita ce a ɗebi abin da ya yi yawa, a bar abin da yake ƙarewa. Misali mafi bayyana shi ne baƙin itacen ash, wanda masu saƙar kwando na Akwesasne, yankin Mohawk da ke bakin kogin St. Lawrence, suka shahara da shi. Ana sare gungumen, a ɓare shi, a riƙa dukansa da bayan gatari daga wannan kai zuwa wancan har zoben kowace shekara ya rabu da na ƙasansa ya ɗago kamar tsiri, sannan a tsaga shi a kankare shi ya yi santsi, a saƙa tare da ciyawa mai ƙamshi. Wani koren ƙwaro da aka fara ganowa a jihar Michigan a 2002 yana kashe itatuwan nan da miliyoyi, don haka bai dace aji ya sayi tsirin ash domin gwaji ba. Yara su koyi dabarar saƙa da tsirin takarda mai kauri, a gayyato masaƙiya ta nuna na gaske, makaranta kuma ta sayi kwandonta a farashinsa.

Abin da ya yi yawa a kewayen Syracuse kuwa shi ne wata doguwar iwa baƙuwa daga Turai, wadda ta mamaye fadamu da gefen tituna tana kashe tsirran gida. Busasshen karanta yana yin alƙalami mai kyau, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda ake feƙe shi: a yanke kara mai tsawon taƙi guda, a feƙe bakinsa a karkace, a ɗan tsaga tsakiya domin ya riƙe tawada. Ita tawadar daga koren bawon baƙar gyaɗar walnat ake samunta, wadda take zubowa a watannin Satumba da Oktoba. A tara bawon da ya faɗi ƙasa, a jiƙa shi cikin tsohuwar tukunya har ya yi baƙi, a dafa a ƙaramar wuta na wasu sa'o'i, a tace da ƙyalle, a sake dafawa har ruwan ya yi kauri ya zama ruwan ƙasa mai duhu. A sa safar hannu, domin tabonsa yana daɗewa bai fita ba, a kuma bincika ko akwai yaron da jikinsa ba ya jituwa da irin wannan gyaɗa. Kada a ɗebi laka ko tsiro daga bakin tafkin kansa saboda tarihin da aka ambata, kuma duk abin da za a ɗauka a filin gwamnati sai da izinin masu kula da shi. A cikin yankin al'ummar Onondaga kuwa ba a shiga ɗibar komai sai da gayyata.

Mataki na bakwai shi ne gona, ga makarantar da take da fili. Masara da wake da kabewa su ne 'yan'uwa mata uku a wurin Haudenosaunee, kuma manomin da ya saba haɗa gero da wake a kunya ɗaya ba zai sha wahalar gane hikimar ba: masara tana ba wake abin hawa, wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, faffaɗan ganyen kabewa yana riƙe laima yana danne ciyawa. A tara tudun ƙasa da tazarar kusan mita guda tsakaninsu, a shuka masara a ƙarshen Mayu bayan sanyi ya wuce, idan ta kai tsawon tafin hannu a shuka wake mai hawa a gefenta, kabewa kuma a tsakanin tuddan. Matsalar da ake mantawa ita ce makarantun can suna rufewa a ƙarshen Yuni ba sa dawowa sai Satumba, wato daidai lokacin da gonar ta fi buƙatar ban ruwa da noma, don haka a raba makonnin hutun tsakanin iyalai tun kafin a binne iri. Game da irin kuwa, tsohuwar farar masararsu amana ce da iyalai suka adana bayan ƙone-ƙonen 1779, saboda haka ba a samo ta ta bayan gida. Idan an ba makaranta, a tambayi sharuɗɗan, a shuka ta nesa da wata masara domin kada ta gauraya, a mayar da wani kaso na girbin ga wanda ya bayar. Idan ba a samu ba, a shuka irin kasuwa a faɗa wa yara gaskiyar abin da aka shuka.

Duk tsawon shekarar, malami ya riƙa nuna ayyukan masu fasahar Haudenosaunee na wannan zamani da sunayensu, kamar mai zane Peter Jemison na Seneca wanda ya daɗe yana jagorantar Ganondagan kafin ya yi ritaya, da Shelley Niro ta Mohawk mai hoto da fim, da Jolene Rickard ta Tuscarora da ke koyarwa a jami'ar Cornell. Yaron da ya ga aikinsu ba zai ƙara ɗauka cewa fasahar mutanen nan ta tsaya a kan tukwanen gidan tarihi ba.

Mataki na ƙarshe shi ne baje kolin aikin da mayar da alheri. A jikin kowane zane a rubuta inda aka yi shi da kayan da aka yi amfani da su, a ambaci baƙin da suka koyar idan sun amince, kuma kada a kira aikin ɗalibai fasahar Haudenosaunee, domin ban da rashin dacewa, dokar Amurka ta 1990 ta hana sayar da kaya da sunan na 'yan asalin ƙasa ne alhali ba su suka yi ba. A wannan lokaci ne ajin zai rubuta nasa furucin girmama masu ƙasa, da kalmomin yaran, yana ambaton Onondaga da tafkin da abin da suka ɗauki alkawarin yi, ko kwashe sharar wani sashe na rafin ne sau biyu a shekara ko dasa itatuwan gida a harabar makaranta. A aika wa waɗanda aka yi hulɗa da su daftarin kafin a manna shi, a karɓi gyaransu. Kuɗin da aka samu a bikin ana iya miƙa shi ga makarantun farfaɗo da harshe, irin su Akwesasne Freedom School da iyaye suka kafa a 1979. Malami ya ajiye fayil mai ɗauke da wasiƙun da aka yi musaya da alkawuran da aka ɗauka da ranakun cika su, domin wanda zai gaje shi ya ci gaba daga inda aka tsaya. A cikin kalandar shekara mai zuwa kuma ya sa ranar 11 ga Nuwamba, lokacin da ake taruwa a garin Canandaigua domin tunawa da yarjejeniyar 1794 tsakanin al'ummomi shida da Amurka, wadda har yau gwamnati take aika musu da yadi duk shekara a ƙarƙashinta. Daga Syracuse tafiyar ba ta kai sa'a biyu a mota ba.